AKWATIN TALABIJIN DA 'YA'YAN TALAKAWA: LACCA GA JAMA'AR GWARZO DA KABO

Jama'a, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da manoma, waɗanda suka taso daga Getso da Kutama da Lakwaya, da waɗanda suka zo daga Garo da Gude da Durun. Mun gode muku da kuka rufe rumfunanku kuka hallara. Maganar da muka zo da ita yau ta cikin gida ce, watau maganar akwatin nan na talabijin da ƙanwarsa wayar hannu, da abin da suke yi wa 'ya'yanmu. Muna roƙo a ara mana kunne har mu kai aya, domin akwai inda maganar za ta taɓa kowa.

Bari mu fara da asalin abin, don samari su sani. Talabijin ya fara aiki a ƙasar nan a Ibadan cikin 1959. Mu a Arewa sai 1962 aka buɗe tashar Kaduna. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗa tashoshi ƙarƙashin hukuma guda, NTA, sa'an nan a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, tsakanin 1979 da 1983, Jihar Kano ta kafa tata, CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. A wancan lokaci akwatin na masu hali ne. A unguwa guda da kyar a sami gida ɗaya mai shi, maigidan ya fito da shi ƙofar gida bayan magariba, yara su zazzauna a ƙasa su kalli Samanja ko Karkuzu, a yi dariya, a watse. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kadan dare ya raba kuwa sai a buga taken ƙasa a rufe.

To, ku lura da wani abu. A zamanin nan da muka ambata ba a cika jin uba yana faɗa da ɗansa a kan kallo ba, kuma ba don iyayen da sun fi na yanzu tsanani ba ne kaɗai. Abin yana da masu tsaronsa. Tasha tana da lokacin tashi. Akwati na wani ne, in ya ga dama ya ɗauke kayansa. Babban mai tsaro kuwa ita ce NEPA: ana tsakiyar kallo ta ɗauke wuta, a yi tsaki, kowa ya nemi makwancinsa. Mun daɗe muna zagin masu wuta, kuma sun cancanci zagin, amma dai sun yi shekaru suna kora mana yara barci ba mu biya su ladan wannan aiki ba.

Yau duk masu tsaron nan sun ajiye aiki. An fara finafinan Hausa na kaset a Kano a 1990, daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma tauraron ɗan'adam. Arewa24 ta buɗe a 2014, dare da rana ba ta rufewa. Faranti guda na sola da batir sun isa su riƙe akwati har asuba, ko da wuta ko babu. Wayar hannu kuwa ta fi kowa ɓarna a nan, domin a shagon mai caji ana tura wa yaro fim ɗin Indiya na fassara a kan kuɗi kaɗan, ya shige ɗaki ya lulluɓa, ba mai jin motsinsa. Saboda haka aikin da NEPA da mai akwati suke yi a da, yau ya faɗo kan uba da uwa, kuma yawancinmu ba mu ankara cewa an miƙo mana shi ba.

Kada wani ya koma gida ya ce mun ce a fasa akwati. Ko kusa. Ta cikinsa talaka yake ganin fuskar masu mulkinsa, ya ji farashin kaya, ya ga yadda ake noma a wasu ƙasashe. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, ta rediyo da talabijin aka riƙa ba yara darasi. Abin da muke so ku auna shi ne lokacin da yake ci, kamar yadda kowane ɗan kasuwa yake auna abin da ya shiga da abin da ya fita.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Da can karin magana ce kawai, yau kuwa ta tabbata a tsakar gidajenmu. Tsakanin magariba da barci shi ne lokacin da yaro yake jin magana. A nan kaka take ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi, a nan ake kacici-kacici, a nan yake jin yadda manya suke gaisawa da yadda ake ba da haƙuri, a nan uba yake tambayarsa inda aka tsaya a allo. Ba wanda ya taɓa kiran wannan makaranta, amma a cikinta Bahaushe yake koyon bakinsa da ladabinsa. Yanzu ku shiga gida da daddare ku gani: mutum goma a tabarma guda, ido ashirin a wuri ɗaya, wanda ya yi magana a ce masa ya yi shiru ana kallo. Tsohuwa tana gefe da carbinta, cikinta cike da tatsuniya, ba mai tambaya.

Wannan ba zato ba ne, an taɓa gwada shi. A ƙasar Kanada akwai wani gari a cikin kwari wanda duwatsu suka tare, talabijin bai isa can ba sai 1973. Wata malamar jami'a, Tannis Williams, ta tafi da mutanenta suka jarraba yaran garin kafin akwati ya shigo, suka koma bayan shekara 2 suka sake jarrabawa. Sai suka tarar ƙananan 'yan firamare sun ja baya wajen iya karatu, faɗa da zage-zage sun ƙaru a filin wasa, manya kuma sun rage fita wasanni da taron gari. Tasha ɗaya tak suka samu fa, jama'a. Mu kuwa yau wa ya san adadin waɗanda ke cikin akwatinmu?

Iyayenmu mata, ga taku. Mun san wahalar da kuke ciki: ga girki, ga wanki, ga sana'ar cikin gida, ga goyo yana tsala kuka. Aka miƙa masa waya sai ya yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba mu zo mu zarge ku ba, amma ku ji abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019. Ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban akwati ko waya. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Dalili kuwa a fili yake. Jariri yana koyon magana ne daga mai amsa masa: ya yi gwaranci, uwa ta mayar masa, ya nuna akuya, a faɗa masa sunanta. Akwati yana ta zuba, amma bai taɓa tsayawa ya saurari yaro ba. Ko ba shi yake kallo ba, muddin abin yana kunne a ɗaki manya suna rage yi masa magana. Gara a miƙa shi ga yayarsa, ko a ajiye shi kusa da ke da murfin kwano yana bugawa kina yi masa surutu.

Sai maganar barci, wadda ta fi shafar samari. Likitoci sun ce yaron da ya isa makaranta yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Manyan wasannin ƙwallo na Turai na tsakiyar mako ana fara su ƙarfe 8 ko 9 na dare agogonmu, a tashi wajen 10 ko 11, sa'an nan a tsaya gardama a bakin gidan kallo. Yaron nan ne za a tashe shi da asuba, ya je makarantar allo, ya wuce ta boko. Ku yi lissafin da kanku. Malami yana bayani shi yana gyangyaɗi, a ce daƙiƙi ne, a zane shi, alhali kuwa barci yake bin bashinsa. Ɗan mai kuɗi in ya faɗi jarrabawa za a ɗaukar masa malami a gida ko a sake masa makaranta a birni. Ɗan talaka in ya faɗi, ya faɗi ke nan, sai tura baro a tasha.

'Yan kasuwa ma abin bai bar ku ba. An ɗora wa yarinya talla da la'asar, ta bi ta ƙofar shagon da aka kunna fim, ta tsaya da faranti a ka har ƙosai ya huce, ta komo da kwantai a hau ta da duka. An bar yaro tsaron rumfa, mai saye yana ta sallama, shi kansa yana sunkuye a waya.

Wani zai ce ai gwamnati tana da hukumar tace finafinai. Gaskiya ne, an kafa ta a Kano a 2001, tana iya yanke abin da bai dace ba a fim ɗin da aka yi a nan. Amma ba ta da iko da abin da ya sauko daga tauraro ko ya shigo ta intanet, balle ta shiga ɗaki a Madadi ta ƙirga awa nawa yaro ya yi a zaune. Fim ko da na wa'azi ne, kadan ya cinye barcin yaro da karatunsa, ya yi ɓarna.

To, mene ne abin yi? Abu na fari, a sa wa akwati lokaci, kowa a gidan ya san shi, kuma kada a kunna sai an gama karatun dare. Ya zauna a tsakar gida ko a ɗakin da kowa ke shiga. Wayar yara ta kwana a hannun uwa ko uba. In za a yi kallo, babba ya zauna tare da su, in an gama ya ce wa yaro ya maimaita labarin da bakinsa, ya tambaye shi wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure. Ta haka kallon kansa sai ya koma hira. Amma fa maigida ya sani, kadan shi ne yake kwana da waya a hannu yana dariya shi kaɗai, dokarsa ba za ta yi kwana uku ba.

Abu na biyu ya fi wuya, kuma saboda shi muka tara ku wuri guda maimakon mu bi ku gida gida. Yaron Bahaushe ba na gida ɗaya ba ne. In ka kashe naka akwatin, zaure uku ne tsakaninsa da na maƙwabci, in can ma an kashe ga gidan kallo a bakin titi. Uba guda ba zai iya wannan aiki ba, sai unguwa. Saboda haka muna ba da shawara kowace unguwa ta zauna da mai unguwarta da limami da malaman makaranta, a kira masu gidan kallo da masu tura fim, ba da tsawa ba, domin su ma abincinsu suke nema kuma 'ya'yanmu ne. A yi yarjejeniya da su a kan ƙarfe nawa za a sallami ƙananan yara a daren da gobe akwai makaranta, da irin fim ɗin da ba za a tura wa yaro ba ko ya zo da kuɗinsa. A daren Asabar, da yake washegari babu makarantar boko, a sassauta musu su more.

Duk unguwar da ta zauna ta tsai da magana, muna roƙo ta aiko wa ofishinmu da abin da ta yanke a rubuce, mu buga shi a wannan jarida don sauran garuruwa su gani su ɗauka. Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da iyaye mata.