Jawabi Ga 'Yan'uwa A Kan Man Giyar Mota

Dattawanmu da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da direbobi, mun gode da kuka baro rumfunanku kuka zo. Maganarmu ta yau ta shafi aljihun talaka, watau maganar man giya na motocin nan masu sake giya da kansu, waɗanda ake kira otomatik, musamman manyan nan ƙirar jif.

Da can jif ta sarakuna ce da manyan ma'aikata. Yanzu kuwa sai ɗan kasuwa ya yi shekaru yana zubin adashi, ko 'yan'uwa uku su haɗa jari, su sayi tsohuwar Highlander ko CR-V wadda aka gama mora a Amurka kafin ta sauka Kwatano ko Ikko. Ita ce kai kaya kasuwar ƙauye, ita ce kai mai naƙuda asibiti. Mun ga wani ɗan'uwanmu mai sayar da atamfa ya kai tasa juye, aka ɗura mata man da ba nata ba, ba a yi wata uku ba ta ƙi ja, sai da ya karyar da kayan rumfarsa kana ya sayi wata giyar. Abin da ya tara mu ke nan.

Da fari, mu san aikin man. A mota mai kuloci ƙafar direba da hannunsa ke sa giya. A otomatik kuwa mai ne ke yin wannan duka. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse faifan kuloci na ciki su kama, shi ke hana ƙarafa cin juna, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. Saboda haka kowace giya da irin kauri da santsin da aka ƙera ta a kai. In santsi ya yi yawa faifai su riƙa zamewa har su ƙone, in ya gaza mota ta riƙa fizga.

To, ga inda ake cutarmu. Sai a ce mana ai jan mai duk ɗaya ne. Ba haka ba ne, jan nan rini ne kawai da aka zuba don a bambanta shi da baƙin mai. A zamanin da, maganar ta kusa gaskiya, don kuwa kamfanin General Motors ya fito da man Type A a 1949, sa'an nan Dexron a 1967, motoci da yawa suka yi ta sha. Amma tun tuni aka rabu. Tsofaffin Toyota na farkon shekarun 2000 yawancinsu T-IV suke sha, na baya kuwa WS, wanda ya fi ruwa-ruwa. Honda tana da Z1, daga baya DW-1 ya maye gurbinsa. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Ford tana da Mercon V da Mercon LV, ba a kuwa musanya su. Sa'an nan akwai wata giya dabam mai aiki da bel na ƙarfe, ana ce mata CVT, irin ta Nissan Murano da Rogue. Nata man dabam ne, NS-2 ko NS-3, wanda ya zuba mata jan mai na gama-gari ya kashe ta da hannunsa.

Ina za a san na motarka? A duba littafinta. In babu littafi, a zaro gejin man giya, sau da yawa an rubuta sunan man a jikinsa. In babu, a ba mai ilmin abin lambar jikin mota ya bincika. Sunan da aka samu, shi za a nema a jikin galan, a kuma duba murfi ba a taɓa ɓalle shi ba. Man da aka auna maka daga buɗaɗɗiyar jarka, ba ka san uwarsa ba, ba ka san ubansa ba. Araha ba ta ado.

Na biyu, awo. A bar mota ta yi zafi, a tsai da ita a wuri mai daidai, a taka birki a bi da sandar giya kowane harafi a komo P, sa'an nan a zaro geji inji yana aiki. Yawancin Honda kuwa sai an kashe inji a auna nan take. A ɗiga man a farar takarda. In ja ne garau, madalla. In ya yi duhu, lokacin juye ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifai sun soma ƙonewa. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, mai yiwuwa ta lagireto ko ta kutsawa cikin ambaliya, kada a ƙara tafiya da ita. Kada kuma a cika ya wuce alama, don yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faifai. Waɗansu sababbin ba su da geji sam, ta wani noti na ƙasa ake daidaita man bisa wani zafi ƙayyadadde, wannan sai bakanike mai na'ura.

Na uku, yaushe za a juye? Za ku ji an ce waɗansu man har abada ne. Zafi ke kashe man giya, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ga lodi, ga yashi, ga cunkoso. Shawararmu, a juye tsakanin kilomita 40,000 da 60,000. Ku lura, motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 1 kuwa kilomita 1.6 ne, kada lissafi ya ruɗe ku.

Ran juye, kada ka aika yaro, je ka tsaya da kanka. In an kwance noti, abin da zai zubo bai cika wuce lita 3 ko 4 ba, saura yana maƙale a ciki. A auna abin da ya fita, a mai da daidai shi, kana a gwada da geji. In an sauke farantin ƙasa, a wanke shi, a goge maganaɗisun da ke ciki, a sake matata da gasket. Laushin toka a jikin maganaɗisu ba kome, amma ɓarɓashin ƙarfe alamar ciwo ne. In man ya tsufa ƙwarai, a juye, a yi 'yan kwanaki ana hawa, a sake juyewa, har sau uku. Kada a yarda a wanke tsohuwar giya da fetur ko a hura mata iska da ƙarfi, garin gyaran gira a rasa ido. Jif mai jan ƙafa huɗu kuma tana da waɗansu akwatunan a ƙasa masu nasu man dabam, a tambaya a duba su.

Saura halinmu na tuƙi. Kada a sa ribas sai mota ta tsaya cik. Ba a ta da otomatik da turi. In ta lalace a hanya, a ɗora ta bisa babbar mota, don janta da igiya tafiya mai nisa inji a kashe yana ƙona giya, tun da famfon mai ba ya aiki.

Ba mu zo ɓata kanikawa ba. Su ma talakawa ne 'yan'uwanmu, da yawansu masu amana ne. Abin da muke cewa shi ne, kuɗinka ne, guminka ne, kana da iko ka tambaya wane mai aka zuba, ka ce a nuna maka galan, ka rubuta rana da lambar tafiya a ɗan littafi. Bakanike na kirki ba ya fushi da tambaya. Wanda ya ji wannan magana ya kai wa maƙwabcinsa na rumfa da direbobin tasharsu.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.