Kulocin ƙasa da motocin tumatir

A lokacin kakar tumatir, motocin a-kori-kura na ta jigilar kwanduna daga gonakin rani na Kura da Bunkure zuwa Kwanar Gafan. Kukan direbobi ɗaya ne: an canza kulocin ƙasa, kafin wani lokaci feda ta sake kwantawa, giya ta ƙi shiga, kaya na ruɓewa a rana.

Sau da yawa laifin ba na sabon kayan ba ne. Man birkin da ke tura kuloci yana shan ruwa daga iska. In ya tsufa sai ya yi baƙi, ya sa tsatsa a cikin silinda, tsatsar ta yanka roba. Kanike ya ɗaura sabo, ya bar tsohon mai a bututu da kulocin sama da ya gaji, to dattin nan zai sake gangarowa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mai zuba man inji ko man giya don ya ƙarasa kasuwa. Wannan man kumbura robar yake yi.

Ga kuma ƙura da taɓon hanyoyin bakin kanal, waɗanda ke kutsawa da zarar robar da ke rufe bakin silinda ta yage.

Direba, in za ka gyara, a canza na sama da na ƙasa tare, a wanke bututu, a zuba DOT 3 ko DOT 4 daga rufaffiyar kwalba, a fitar da iska sarai. In bayan haka feda ta yi tauri, a sauke giyabos a duba faranti.