Kayan Awon Sinadarai a Farcha

Tun 1971 aka kafa Jami'ar N'Djamena, kuma a unguwar Farcha tsangayar kimiyyarta take, inda ake koyar da ilmin sinadarai. Wannan ilmi ba ya zama a kai da alli da allo kaɗai. Sai ɗalibi ya auna da hannunsa, ya tace, ya ga launin ruwa ya sauya a kwalba.

Ku dubi arzikin Chadi. Tun 2003 ake fitar da man Doba, matatar Djermaya kuwa ta fara aiki a 2011. Ga ƙaro da ake kaiwa Turai, ga kanwar yankin Tafkin Chadi, ga dihe, wato gansakukan ruwa, da matan Kanem ke kwasa a tafkuna suna shanyawa. Kowanne yana buƙatar awo. In babu na'ura a gida, sai a tura samfur waje, a biya da tsada, a zauna jiran sakamako.

Sayen na'urar ma shi ne mai sauƙi. Tana son wuta mai ɗorewa, ɗaki mai sanyi a zafin Afrilu, kariya daga ƙurar hunturu, kayan gyara, da ma'aikacin da ya ƙware a kanta. Rashin ɗaya daga ciki kan mayar da ita ado.

Duk wannan sai da kuɗi. A Najeriya, asusun TETFund yana karɓar haraji daga ribar kamfanoni don manyan makarantu. Ina ganin ya kamata Chadi ma ta ware kaso daga kuɗin mai ga ɗakunan gwaji, da kuɗin gyara a kasafin kowace shekara.