INDA TURANCI YAKE KAYAR DA BAHAUSHE
Jawabin malamin ajin dare a taron buɗe karatu, Sabo, Ibadan

 

An umarce ni in yi magana a kan yadda mutum zai yi bitar nahawun Turanci, wato girama kamar yadda yaranmu suke cewa, kafin mu koma ajin dare. To, ni dai ba Bature ba ne, ban kuma taɓa taka Ingila ba. Da gemuna na koyi abin kamar yawancinku, shi ya sa na san wuraren da ake tuntuɓe, domin ni ma a nan na sha faɗuwa.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Lokacin da nake yi wa maigidana malanta a harkar goro, wani mai saye ya ɗauki huhu biyar, ya biya rabi, aka ce in rubuta takarda cewa sauran kuɗi suna kansa. Abin da ya kamata in rubuta shi ne "He has to pay the balance", wato wajibi ne ya biya ragowar. Ni kuwa, gwanin Turanci, sai na rubuta "He has paid the balance", wato ya riga ya biya. Maigida ya dangwala hannu, ni ma na sa nawa. Da lokacin biya ya yi, mutumin nan ya zaro takarda daga aljihu. Jama'a, me za mu ce? Rubutuna ne. Kuɗin nan har yau ba su fito ba, kuma na daɗe ina jin kunyar haɗa ido da maigida. Na ga Alhaji yana dariya, ya san maganar.

Tun daga ranar na gane cewa kuskuren Bahaushe a Turanci ba barkatai yake ba. Yana da gidajen da yake kwana, kuma ba su da yawa. Duk inda ginin Hausa ya saɓa da ginin Turanci, nan ne ramin yake. Wanda ya san ramukan nan ya zauna a kansu yana maimaitawa, ya fi wanda ya sayi ƙaton littafi ya fara daga shafi na ɗaya ya gaji a na goma.

Rami mafi zurfi shi ne lokaci. Ku saurara: na saya, ina saye, zan saya, nakan saya. A Hausa ɗan ƙaramin wakilin sunan da ke gaba shi ne yake gaya maka ko jiya ne ko gobe. Shi kuwa Bature cikin kalmar aikin kanta yake zuba lokacin. "Buy" ta koma "bought", "sell" ta koma "sold", "go" ta koma "went" har ma da "gone". Yawancin kalmomin aikinsu "ed" kawai ake liƙa musu a baya a wuce wurin, amma akwai masu taurin kai wajen ɗari biyu da ba su bin wannan doka, kuma abin haushi, su ne waɗanda aka fi amfani da su a kasuwa: saye, sayarwa, biya, kawowa, aikawa, ɗauka, bayarwa. Waɗannan ba su da magani sai hadda. Sannan in ka sa "did" a tambaya, ita ta riga ta ɗauki kayan jiya, sai kalmar aikin ta koma yadda take. "Did you go?" ake cewa. "Did you went?" kuwa ɗaura riga biyu ne a wuya ɗaya.

A nan Kurmi muna da ƙarin wata matsala da 'yan'uwanmu na gida ba su cika fama da ita ba, wato buroka. Ni ba na zagin buroka. Da ita muke ciniki a Bodija da Dugbe, da ita muke shiga mota a Mokola, harshe ne mai dokarsa. Amma dokarsa daban ce. In mutum ya ce "I go pay", a buroka zan biya yake nufi. "I don pay" kuwa na biya. To, a Turancin takarda babu ko ɗaya daga cikinsu, sai "I will pay" da "I have paid". Abin da nake roƙo shi ne ku raba musu ɗaki. Ta kasuwa a baki, ta ofis a alƙalami. Kuma ku dubi saƙon banki da ke shigowa wayoyinku: "has been reversed" an riga an mayar maka da kuɗinka ke nan, "will be reversed" kuwa alkawari ne kawai, kada ka saki kaya a kansa.

Rami na biyu ya fi wancan haɗari, ko da yake ƙarami ne a ido. In na ce maka, "Ba ka karɓi kuɗin ba?" kai kuma ba ka karɓa ba, me za ka ce? Za ka ce, "E, ban karɓa ba." Daidai ne a Hausa, domin kana gaskata maganata ne. Bature ba haka yake yi ba. In ya ce "You did not collect the money?" kai kuma ka ce "Yes", to a kunnensa ka amsa cewa ka karɓa. Ku yi tunanin wannan a gaban ɗan sanda mai rubuta bayani, ko a gaban alƙali. Saboda haka kada ku tsaya a kalma ɗaya. Ku cika jimlar: "No, I did not." In kuwa abin ya kai kotu, Allah ya kiyaye, to kada girman kai ya hana ku neman tafinta. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta in bai fahimci harshen da ake shari'ar da shi ba. Ba alfarma ba ce, haƙƙinku ne.

Sauran ƙananan ramukan zan bi ta kansu da sauri. Mu muna cewa buhu goma, saniya uku. Bature sai ya sa jam'i, "ten bags". Mu da kalma ɗaya muke aro, na ara, na ara masa. Shi yana da biyu, "borrow" in kai ka karɓa, "lend" in kai ka bayar, kuma musanya su a takardar bashi juya mai bin bashi ne ya koma wanda ake bi. Ɗan harafinmu "a" yana yi mana aikin "in" da "on" da "at" gaba ɗaya, kada ku nemi dalili, ku haddace su tare da abokan tafiyarsu: "on Monday", "in June", "at night". Ga kuma "fifteen" da "fifty", sha biyar da hamsin. Dillalan Kara, in ana ciniki a waya ku ce a rubuto da lamba.

Kada kuma ku ɗauka ko'ina mu ne a ƙasa. Bahaushe tun yana goye ya san shi da ita, ya tafi da ta tafi. Maƙwabtanmu Yarabawa kalma ɗaya gare su ga namiji da mace, sai sun yi aiki kafin "he" da "she" su zauna musu. Mu ma har mun fi Baturen, tunda muna da kai da ke da ku, shi kuwa "you" kaɗai ya mallaka. Wanda kuma ya zauna gaban malam ya karanci Ajurumiyya ya san ismu da fi'ili da harafi, ya san mali da mulari'i, to ya riga ya san cewa harshe yana da ƙashi. Sunayen ne kawai za su sake.

Yanzu ga yadda ake bitar. Ba wata sabuwar dabara na kawo muku ba, tamu ce ta makarantar allo. Almajiri ba ya rubuta izu guda rana ɗaya. Kaɗan yake rubutawa, ya biya, ya kife allon ya kawo da ka, sannan a wanke, kuma ba ya barin tilawar na baya. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885 inda ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma komawa kansa bayan an ɗan ba da tazara yana rage ta. Alarammominmu ba su jira shi ba. To haka za ku yi. Abin da muka yi a aji yau, ku duba gobe, ku sake bayan kwana uku, ku sake bayan mako. Minti goma sha biyar bayan Isha'i kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Kuma ku lura da kife allon nan, don a nan mutane suke yaudarar kansu. Karanta doka sau goma ba bita ba ce. Ido ne kawai ya saba da shafin. Bita ita ce ka rufe littafin ka ƙirƙiro jimlarka. Kowane dare ka rubuta guda uku daga rayuwarka: abin da ka yi jiya, abin da kake yi yanzu, abin da za ka yi gobe. Mai canji ya rubuta ta canji, mai suya ta nama, uwargida ta cefane da asibiti. Ka karanta da ƙarfi kunnenka ya ji. Sannan kowa ya tanadi ɗan littafi guda na kurakuransa shi kaɗai. Duk abin da na ja wa jan biro, ya kwafe shi a can, kuskure a hagu, gyara a dama. Bayan wata guda za ka ga abubuwa huɗu ko biyar ne suke ta dawowa. Su ne karatunka, ba na maƙwabcinka ba.

Game da littattafai, wanda ya samu na Raymond Murphy mai suna English Grammar in Use, wanda ya fara fitowa a 1985, ya samu abin kirki: bayani a shafin hagu, aiki a na dama. Amma ku nemi bugun da ke da amsoshi a baya, kuma ku ji tsoron Allah kada ku leƙa sai kun gama. Masu farawa akwai ƙaninsa, Essential Grammar in Use, ya fi sauƙi. Ƙamus kuwa, akwai na Turanci da Hausa na Neil Skinner, da wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990. In ka duba kalma kada ka tsaya a ma'ana, ka dubi misalin da aka yi da ita.

Iyaye, ga taku. Yaron da bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye lissafi, kuma a jarrabawar JAMB Turanci dole ne ga kowa. Yaranmu na Sabo bakinsu ya iya Hausa, ya iya Yarabanci, ya iya buroka, har muna alfahari. Alƙalamin ne gurgu, ga kuma rubutun waya da ya koya musu yanke wa kalmomi wutsiya. Wasu kuma sun hana Hausa a gida wai don Turancin yaro ya gyaru. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da yakan biyo baya shi ne uba yana buroka, ɗa yana kwaikwayo, Hausar ta tafi, Turancin bai zo ba. Ku bar masa Hausarsa, ku sa shi ya karanta muku shafi ɗaya da ƙarfi kowane dare ya fassara muku. Ko ba ku jin Turanci, za ku gane in yana kame-kame.

Dattawa kuma da ke jin nauyin zama benci ɗaya da 'ya'yan cikinsu, mun yi magana da shugabanni, za a ware muku lokacinku, haka ma mata. Ranar da za mu fara, kowa ya zo da littafin rubutu biyu da biro, da wata takarda ta Turanci da ke ajiye a gidansa, ko rasit, ko takardar haya, ko ta asibiti, wadda ya taɓa sa wa hannu. Da ita za mu buɗe darasi, mu ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar aiki mu ga ko jiya take nufi ko gobe.