Waya a Kan Littafi

Daren jiya a Dutsi na iske ɗan ƙanwata zaune kan tabarma, littafin lissafi a buɗe, amma hasken waya ne ke haska masa fuska. TikTok yake kallo, ga jarrabawar NECO ta ƙarato. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Tsawa ba ta magance wannan. Almajirin da ke tilawa da asuba babu abin da ke fizgar hankalinsa, shi ya sa karatun ke zama. Iyaye, bayan sallar isha'i ku karɓi wayar yaro, ku kai ta wani ɗaki na minti 40 kacal. Maigida, kai ma ajiye taka, ka zauna kusa da shi har ya gama shafin.