Jawabin Magatakarda: Asarar da Ba Ta Shiga Littafi

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina da Kano zuwa nan Maraɗi, barkanmu da ganin wannan rana.

Kowace shekara a irin wannan biki, mu 'yan ofis mukan karanta muku abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. Bana ma'aji ya riga ya yi wannan. Mu mun roƙi shugaba ya ba mu 'yan mintoci kan wata asara da ba ta da shafi a littafinmu.

Kun san abin da ya same mu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma Jibiya, ƙofarmu, sai Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023. A Yulin shekarar, bayan sauyin mulki a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufewa har Maris na 2024. Kayan da muka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Naira kuma ta faɗi a gaban sefa, wanda ya ba da bashi da ita ya karɓi abin da bai kai uwar kuɗinsa ba.

Wannan duka an faɗa a rediyo. Abin da ba a faɗa ba shi ne wanda muke gani a kan bencin ofis. Uban gida mai motoci ya sayar da su, ya koma dillanci a rumfar yaronsa na da. Dattijo ya miƙa wa ɗansa shago, ya zauna gida bai san abin da zai yi da wuninsa ba. Hajiya mai safarar atamfa ta cinye jari wajen biyan adashi. Mutum ya zo da maganar takardar duwan, takarda ta ƙare, ya ƙi tashi. In muka tambaya, sai ya ce lafiya lau, barci ne dai ba ya samu. Wani kuma ba ya zuwa sam. Sunansa ya daina fitowa a kuɗin wata, muka ɗauka rowa ce, ashe kunya ce ta tsare shi a ɗaki.

Dole mu amsa laifinmu. Irin waɗannan mutane mun aika musu takardar tuni, ba mu je mun gaishe su ba.

Iyayenmu, wannan abu yana da suna a asibiti: ciwon damuwa. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin tawakkali ba ne. Likitoci suna duba alamu: baƙin ciki da ya ƙi wucewa, abin da mutum yake so da ya daina burge shi, rashin barci ko yawansa, rashin cin abinci, kasala, kasa tsai da hankali ko da a lissafin da ya saba, da ganin kansa ba shi da amfani. In suka kai mako 2 kusan kullum, lokacin ganin likita ya yi. In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Wani zai ce, magana ce za ta biya mini bashi? Ba za ta biya ba. Amma wanda bai yi barci ba mako guda ba ya iya ciniki, ba ya iya fuskantar mai binsa bashi. Akwai masana halayyar ɗan Adam da aka horar don wannan aiki. Za ka zauna da shi kamar awa ɗaya, yawanci sau ɗaya a mako, na wasu makonni, kuma aikinsa ya hana shi fitar da sirrinka. Yana taimaka maka ka warware kayan da suka cakuɗe a kai: ga bashi, ga fushin iyali, ga tsoron abin da kasuwa za ta ce. Sai ka gane cewa jari ne ya karye, kai kana nan da saninka na hanya da mutanenka. In likita ya ga ana bukatar ƙwaya, zai rubuta. Takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, kuma ba a daina ta kwatsam sai da shawararsa. Tiramol da maganin barci na bakin tasha ƙara rami suke yi.

Ina za a je? A fara da asibitin da ke kusa, a auna hawan jini da sukari, a faɗa wa likita gaskiya, shi zai tura gaba. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Haka asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin tarayya na Kware a jihar Sakkwato. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana mu duba taya kafin mu kama hanyar Ɗan Isa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ga roƙonmu ga wannan taro. Duk wanda ya yi wata 3 bai biya ba, dattijo ɗaya da ɗan ofis ɗaya su je gidansa gaisuwa kafin a rubuta masa takarda, mata kuma hajiyoyi su je. Asusun taimako da muke buɗewa don haɗari da rasuwa, a yarda ya biya kuɗin mota da na ganin likita ga mai wannan ciwo, ba tare da an karanta sunansa a taro ba. Waɗanda suka ajiye tafiya kuma a ba su kujera a kwamitin sulhu da koyar da yara, don saninsu bai tsufa ba.

Mu kuma mun ɗauki alkawari: abin da aka faɗa mana a ofis, a ofis zai tsaya. Kafin ku tashi, kowa ya duba layinsa a kasuwa, ya tuna wanda ya kwana biyu bai gani ba, gobe ya je.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya buɗa mana hanya.