Haraji da Ikon Yanka Shi: Mafarin Tawayen Amurka, 1763 zuwa 1776



Tambayar da za mu duba yau ita ce: me ya sa mazauna yankuna 13 na gaɓar Amurka, waɗanda ke alfahari da zamansu talakawan Sarkin Ingila, suka yi wa Ingila tawaye cikin shekara 13 kacal? Akan ce nauyin haraji ne, alhali kuwa abin da suke biya bai kai na mutumin Ingila ba. Abin da ya harzuƙa su shi ne wanda ya yanka harajin.

A 1763 Ingila ta ci Faransa a Yaƙin Shekara Bakwai, amma ta fito da bashin fam wajen miliyan 130. Sai gwamnatin George Grenville ta ga ya kamata Amurkawa su ɗauki wani kaso na kuɗin sojan da ke tsaron ƙasarsu. Dokar Sukari ta 1764 ta ma rage kuɗin fiton ruwan rake ne, daga sisi zuwa taro a kan kowane galan. Sai dai ta tsananta aikin kwastan, ta kuma ba da damar gurfanar da 'yan fasa-ƙwauri gaban alƙalin gwamnati shi kaɗai, ba tare da mutanen gari sun sa baki a hukunci ba, kamar yadda aka saba.

Dokar Kan Sarki ta 1765 ta fi ta zafi, domin ta ɗora haraji a kan jaridu da takardun shari'a da lasisi, watau ta taɓa lauyoyi da 'yan kasuwa da masu ɗab'i, mutanen da ke da baki da alƙalami. Hujjarsu ita ce ba su da wakili ko ɗaya a Majalisar Landan, saboda haka majalisunsu na gida kaɗai ke da ikon taɓa aljihunsu. Suka ƙaurace wa kayan Ingila har aka soke dokar a 1766. Amma a rana guda Majalisa ta kafa wata doka mai cewa tana da ikon yi musu doka a kan kowane al'amari. An janye harajin, an bar tushen rigimar.

A 1767 aka sa kuɗin fito a kan gilashi da darma da fenti da takarda da ganyen shayi. Aka girke soja a birnin Boston, inda harbinsu ya halaka mutum 5 a watan Maris na 1770. A shekarar aka soke duka, sai na shayi, wanda aka bari don nuna iko. Ko da dokar 1773 ta sa shayin ya yi araha, ran 16 ga Disamba mutanen Boston suka zubar da akwati 342 a teku.

Ingila ta rufe tashar jiragen Boston a 1774, ta kuma rage wa yankin Massachusetts ikon mulkin kansa, da zaton sauran za su tsorata. Su kuwa suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wakilan yankuna 12 suka taru a Filadalfiya, aka fara yaƙi a watan Afrilu na 1775, aka shelanta 'yanci ran 4 ga Yuli, 1776.

Ya ku ma'aikata, ku lura: Ingila na da buƙatar kuɗi ta gaskiya, kuma abin da ta nema bai taka kara ya karya ba. Inda ta kasa shi ne neman yardar masu biya. Mai yanka haraji ya fara tambayar kansa wa aka shawarta, kafin ya tambayi nawa za a samu.